Allo ya ce 80, intalok ya fito kusan 92: yadda nake maida siginal ɗin sensa zuwa milimita

Ranar Talatar da ta wuce da sassafe, ko karyawa ban yi ba, wani Alhaji mai wurin buga bulo da intalok can bakin hanyar Wamakko ya kira ni, daga jin muryarshi na san ba lafiya. "Injiniya, don Allah ka taho ka diba muna wanga inji, kaya na hita ba ƙwari kuma masu aiki sun ƙi amsa, siminti kawai shika tafiya." Na ce ranka shi daɗe gani nan tafe, na ɗauki laftof da mita da baniya, wato ma'aunin kauri na ƙarfe, na hau mashin.

Abin da ya faru shi ne ya samu kwangilar intalok mai kaurin milimita 80, irin wanda ake shimfiɗawa inda manyan motoci ke bi, alhali shi kullum na 60 yake bugawa, na tsakar gida da harabar masallaci. Anka canza mol, wato ƙarfen da ake zuba cakuɗi a ciki, yaron da ke kan injin ya shiga allo ya maida 60 zuwa 80 kamar yadda anka koya mishi, anka yi kwana biyu ana bugu. Da anka kai wurin aiki mai kula da aikin ya ɗora tef ya ce wannan ai ya kusa 92, ya murza gefen guda da yatsa sai ga shi yana marmashewa. Na ga tulin kayan da anka maido jibge bayan rumfa, gefensu duk ya zube kamar busasshen tuwo, kuma wallahi abin ya taɓa ni, don buhun siminti yanzu ba abin wasa ba ne kuma guminsu ne yaran nan cikin wannan rana.

Tau injin irin na haidirolik ne. Akwai kai mai danna cakuɗin yashi da siminti cikin mol, silinda ke sauko da shi, bawul mai buɗewa gwargwadon umarni ke ba silinda mai, sannan akwai sensa doguwa a gefe wadda ke faɗa wa kwantirola, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, inda kai yake. Kwantirolar Siemens S7-1200 ce. Aikinta ta sauko da kai har tsayin da anka rubuta a allo, ta tsaya nan. In ta tsaya sama da inda ya kamata cakuɗin bai dannu ba, shi ne kaya ke fita da tsawo kuma ba ƙarfi. Ke nan injin bai lalace ba, bawul lafiya lau, famfo lafiya lau, abin da kwantirola ke kira 80 ne ba 80 ba.

Abin da nake so duk wanda ke wannan sana'a ya riƙe shi ne kwantirola ba ta san milimita ba, sam. Ba ta taɓa ganin kan injin ba. Abin da ke shigo mata wutar lantarki ce 'yar kaɗan daga sensa, ko dai bolt 0 zuwa 10, ko bolt 10 ta ƙasa da sifili zuwa 10 ta sama, ko kuma 4 zuwa 20 mA, wato miliamfiya, awon gudun wuta. Cikinta akwai wani ɗan sashe da ke auna wannan wutar ya maida ita lamba, ni ina ce mata ɗanyar lamba don ba a dafa ta ba tukuna. A kayan Siemens bolt 0 shi ne 0, bolt 10 shi ne 27648, in ta wuce haka akwai ɗan fili har 32511, daga nan sai 32767 wadda ke nufin abin ya fi ƙarfin awo. Wasu kwantirololin lambarsu daban, mai bit 12, wato mai raba awo gida 4096, ka ga 0 zuwa 4095. To ɗan Adam ne zai zauna ya gaya mata lamba kaza na nufin tsayi kaza, in ya gaya mata ba daidai ba haka za ta riƙe, za ta yi aiki da shi da gaske har ranar da wani ya gyara.

Na buɗe fanel na ga tarihin matsalar da idona. Tsohuwar sensa irin mai sandar nan ce da ke zamewa ciki, bolt 0 zuwa 10, tsawon tafiyarta milimita 400. Ƙurar hunturu da garin siminti sunka cinye ta bara, abin da ba mamaki, wannan irin sensa akwai gogayya cikinta kuma ƙura ita ce ajalinta. Anka aiko da sabuwa daga Kano, mai kyau ce ma ta fi tsohuwar, irin wadda maganaɗisu ke bi ta jikin sanda ba tare da gogayya ba, amma ita 4 zuwa 20 mA take bayarwa kuma tsawonta 500. Wanda ya ɗaura ta ya yi dabara mai kyau, tunda ƙofofin analog guda biyu da ke jikin wannan kwantirola, wato inda wayar sensa ke shiga, bolt kawai suke karɓa, sai ya haɗa resista biyu, 'yan abubuwan nan masu tare gudun wuta, masu om 1000 gefe da gefe sunka zama 500, ya ratsa su a bakin ƙofar, ke nan 4 mA ta koma bolt 2, 20 mA ta koma bolt 10. Har nan ba laifi, ni ma haka zan yi in ba ni da wani abu a hannu. Inda abin ya tsaya shi ne furogiram, har yanzu yana ɗaukar 0 zuwa 27648 a matsayin 0 zuwa 400. Da ya ga allo ba ya nuna daidai sai ya sauko da kai kan intalok mai 60, ya rage wata lamba har allo ya nuna 60, anka buga kaya sunka yi kyau, kowa ya yi hamdala ya tafi. Kuma wata da watanni ba wanda ya ga komai saboda 60 kaɗai ake bugawa.

Na yi wa Alhaji bayani da tef ɗin tela don shi ya fi saurin shiga. Na ce ranka shi daɗe, tef na iya yin ƙarya ta hanya biyu. Akwai wanda bakinshi ya gutsure, ya fara daga 2 maimakon 0, wannan duk abin da ka auna ƙarin 2 ne a kai, ka cire 2 shi ke nan ka gyara shi ko'ina. Akwai kuma wanda ya tsufa ya miƙe kamar roba, shi in ka auna ƙaramin abu kuskuren kaɗan ne, in ka auna babbar riga kuskuren ya yi yawa, wannan ba ka gyara shi da cire wata lamba guda. Naku tef ɗin duka biyun sunka same shi, anka gyara gutsurewar anka bar miƙewar. Ya yi shiru ya ce "Tau na gane, wato wuri guda kaɗai shika faɗin gaskiya." Na ce haka ne, a 60 kaɗai.

Ga lissafin ga mai son gani. Sabuwar sensa bolt 8 kawai take tafiya, daga 2 zuwa 10, cikin milimita 500. Furogiram kuma yana ɗaukar kowane bolt guda a matsayin milimita 40. Ke nan in kai ya motsa milimita guda na gaskiya, allo na ganin 0.64 ne kawai. Yaro ya ce a ƙara 20 daga 60 zuwa 80, kafin allo ya ga ƙarin 20 sai kai ya ɗaga sama da 31 na gaskiya. Ga 91 da ɗoriya nan ta fito, ba aljani ba sammu.

Yadda nake gyarawa ba na amfani da lambar da ke jikin kwali ko takardar sensa, ko da na yarda da kamfanin. Dalili, takarda ba ta san inda makaniki ya ɗaure sensa a jikin ƙarfe ba, ba ta san resistar da anka sa mai zoben zinari ce wadda ke iya kaucewa kashi 5 cikin 100 ba, kuma ba ta san zafin Sakkwato ba. Wuri biyu nake aunawa da hannuna. Munka samu guntayen ƙarfe daga wurin wani mai walda kusa, na sa anka goge su na auna da baniya, guda 50, guda 200, guda kuma 120 na ajiye shi gefe. Munka cire mol, munka rage ƙarfin mai sosai, na ce wa yaron "Ƙanena, kada hannunka ya shiga ƙarƙashin kan nan ko da injin na kashe, da sanda za ka tura ƙarfen." Wannan ba na wasa da shi, silinda irin wannan ba ta san yatsa ba. Munka sauko da kai a hankali har ya zauna kan na 50, na duba laftof, ɗanyar lamba 9376. Munka ɗaga munka sa na 200, ta nuna 15904.

Daga nan aikin ya zama na ɗan sakandare, layi miƙaƙƙe da ke ratsa ɗigo biyu, irin wanda munka sake maimaitawa a Poli ta Umaru Ali Shinkafi ba tare da mun san wata rana shi zai ciyar da mu ba. Bambancin lamba 15904 a cire 9376 ya ba da 6528, bambancin tsayi 150, a raba, kowane milimita guda lamba 43.52 ke nan. In da takarda na bi da 44.24 zan sa, ka ga resistar nan ta ɗan kauce, ba 500 cif take ba. Sai na rubuta:

tsayi = 50 + (ɗanyar lamba − 9376) ÷ 43.52

Shi ke nan duk sirrin. Lambar da ake rabawa da ita ita ce miƙewar tef, wadda ake cirewa da wadda ake ƙarawa su ne bakin tef. A TIA Portal, manhajar da ake rubuta furogiram ɗin Siemens da ita, akwai NORM_X da SCALE_X da ke yin wannan aikin, na farko ya maida ɗanyar lamba tsakanin 0 da 1, na biyu ya shimfiɗa ta tsakanin ƙaramin tsayi da babba, tsofaffin S7-300 kuma FC105 ake kira, a MicroLogix na Allen-Bradley SCP ne. Kwantirololin da anka yi musamman don motsin haidirolik irin RMC na kamfanin Delta gurbi biyu za ka tarar, sikel da ofset, wato miƙewar tef da bakin tef, kuma akwai inda za ka ba su wuri biyu su lissafa maka. Suna ne kawai ya bambanta, duk layin nan guda ne.

Guntun 120 da na ajiye shi ne alƙali. Wuri biyu kullum za su yarda da kai tunda da su ka ja layin, na ukku ne zai faɗa maka ko sensa na tafiya miƙe ko akwai inda ta lanƙwashe ko ƙarfen da ke riƙe da ita na lilo. Lissafi ya ce in ga 12422, laftof ya nuna 12416. Bambancin bai kai rubu'in milimita ba. Na ji sanyi a raina sosai. Kuma a zaɓi wuraren biyu nesa da juna, su rungumi inda injin ke aiki, in ka auna a 50 da 60 ɗan kuskuren baniya zai kumbura ya zama babba can sama.

Akwai tarko guda da na sha gani a furogiram ɗin mutane, har da ƙwararru. Ɗanyar lamba na zuwa ne a gurbin INT, mai ɗaukar cikakkiyar lamba kawai ba ɗigo, wanda iyakarshi 32767. Sai mutum ya ce bari in ninka kafin in raba, 6528 sau 150, wannan 979200 ne, gurbin ba zai ɗauka ba, amsar ta fito shirme ko ta koma ƙasa da sifili. Wani kuma ya raba da INT sai 43.52 ta koma 43, ɗigon ya faɗi, kuskure sama da kashi 1 cikin 100 ya shiga shiru ba ƙararrawa. A maida lambar REAL, gurbin da ke ɗaukar ɗigo da manyan lambobi, tun farko kafin a taɓa ta da kowane lissafi.

Wani abin da ya dame ni da allon nan, yana nuna 60.00, har ɗigo biyu, abin gwanin sha'awa. Amma ƙofar analog ta jikin wannan kwantirola bit 10 ce kawai. Lambar na kaiwa 27648 amma ba ɗaya bayan ɗaya take hawa ba, tsalle take da 32, kana kallon laftof za ka ga 9376, 9408, 9440. Tsalle guda a wannan injin ya haura milimita 0.7. Ke nan duk abin da bai kai haka ba kwantirola ba ta ganinshi, kuma ɗigo biyun nan ado ne. Na maida allo ya riƙa nuna ɗigo guda, na kuma gyara tazarar da kwantirola ke yarda cewa ta iso, don an sa ta ƙanƙanuwa ƙwarai, ƙasa da tsalle guda, shi ya sa kai ke ta rawa sama da ƙasa yana neman wurin da ba zai taɓa samu ba, bawul na ta aiki mai na zafi a banza. Na ba Alhaji shawara in hali ya samu a sayo modul SM 1231, wanda ke karɓar 4 zuwa 20 mA kai tsaye ba sai da resista ba kuma awonshi ya fi laushi nesa ba kusa ba. Ga intalok abin da ke akwai zai wadatar, amma ranar da ya so aiki mai tsauri sai an canza.

Muna gama wannan sai munka kunna injin gaba ɗaya, nan wata ta ɓullo. Da zarar motar lantarki mai girgiza mol ta tashi sai ɗanyar lamba ta fara rawa, sama da ƙasa da kusan 200, wato milimita huɗu zuwa biyar, alhali kai na tsaye cak. Na bi wayar sensa da hannu sai na tarar an ɗaure ta tare da wayar da ta fito daga inbata, na'urar da ke sarrafa gudun motar, zuwa mota, cikin bututu guda, kuma wayar ba mai rigar kariya ba ce, irin fileksibul ɗin nan ce ta gida. Inbata na watsa hayaniyar lantarki sosai, kuma duk da 4 zuwa 20 mA ta fi bolt jure wannan, ba a ce a kwantar da su gado guda ba. Munka ja sabuwar waya mai riga ta wata hanya daban, munka haɗa rigar da atin, wayar da ke kai wuta ƙasa, a ɓangaren fanel. Atin ɗin ma sai da munka duba, sandar na cikin ƙasa busasshiya ƙaƙas kamar yadda ƙasarmu take kafin damina, Baba maigadi ya ce tun da anka kafa ta ba wanda ya ƙara waiwayarta. Anka tona gefenta anka zuba gawayi da gishiri da ruwa. Rawar ta sauko zuwa tsalle guda ko biyu.

Na san abin da da yawa za su yi a nan, su shiga saitin ƙofar su sa tacewa mai ƙarfi, lamba ta kwanta luf a allo, mai inji ya ji daɗi. Ni ba na son haka a wurin da ake sarrafa motsi. Tacewa matsakaicin awo da yawa take ɗauka, na Siemens akwai mai 4, mai 16, mai 32, kuma duk yadda ka ƙara haka labari ke isowa a makare. In kai na saukowa milimita 100 a daƙiƙa guda kuma labari ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kai ya riga ya wuce da milimita 10 kafin kwantirola ta sani. Ga tankin ruwa ko zafin tanda wannan ba komai, ga silinda kuwa shi ke sa ta wuce wuri ta dawo ta sake wucewa. Na bar mafi ƙanƙanta, na tabbatar an zaɓi 50 Hz a wurin kashe hayaniyar wuta tunda ita ce tamu a Najeriya, sauran kuma a gyara shi a waya inda ya samo asali.

Sai maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina, tsinkewar waya. Amfanin fara awo daga 4 maimakon 0 shi ne in waya ta tsinke wutar ta koma sifili, kuma sifili ba tsayi ba ne, alama ce ta cewa sensa ta tafi. Amma layin lissafin nan bai san haka ba, in ka ba shi 0 zai ce maka kai na milimita 165 ƙarƙashin katakon da ake buga kaya a kai, kwantirola ta yarda, ta buɗe bawul iya ƙarfinta don ta ɗago shi. In da sensa a juye take da ƙasa za ta danno shi da dukkan ƙarfi, mol ya tafi, ko abin da ya fi mol. A wannan furogiram babu wani shinge ko kaɗan. Akwai ƙa'idar NAMUR NE 43 ta Jamus da masu sensa da yawa ke bi, ƙasa da 3.6 mA ko sama da 21 mA matsala ce ba awo ba. A nan 3.6 mA na zuwa wajen 4900 a ɗanyar lamba, sai na sa in ta faɗi ƙasa da haka ko ta haura iyaka, bawul ya koma tsakiya nan take, allo ya rubuta SENSA da ja, kuma ba ta tashi sai mutum ya danna da hannu. Na zare wayar a gaban yaron don ya gani, injin ya tsaya cak, ya ce "Yallaɓai da can in hakanga ta faru mi za ya yi?" Na ce mu gode Allah da bai faru ba.

Da azahar ta yi, rumfar kwano ta ɗau zafi har fanel ba ya taɓuwa da tafin hannu, na sake ɗora guntayen ƙarfen nan don in ga ko zafi ya ja lambar, tunda resista mai araha na canzawa da zafi kuma watannin Maris zuwa Mayu a nan muna wuce digiri 40. Na 50 ya nuna 9376 yana leƙa 9408, na 200 bai motsa ba. Na dai canza resistocin da masu kashi 1 cikin 100 da nake yawo da su cikin jaka, wanda ke nufin sai da munka sake awon tun daga farko, lambobin sunka ɗan matsa sama, na sake lissafi na sa sababbin.

Bayan la'asar anka maida mol anka zuba cakuɗi. Katakon farko ya fito, Alhaji da kanshi ya amshi baniya daga hannuna ya duƙa, ya auna guda huɗu na kusurwa da guda na tsakiya, 80, 80, 81, 80, 80. Ya danna gefen guda da babban yatsa bai zube ba. Na ɗauki maka na rubuta a cikin murfin fanel irin sensar, tsawonta, ƙimar resista, lambobin wuri biyun da kwanan wata, na ɗaure guntayen ƙarfen ukku da waya na rataye su a ƙusa cikin fanel ɗin, na nuna wa yaron shafin allo inda zai ga ɗanyar lamba, na ce duk ranar da anka taɓa sensa ko anka kwance ƙarfen da ke riƙe da ita, ya ɗora na 120 ya duba kafin a zuba siminti, in ta kauce da fiye da tsalle biyu ya kira ni. Ranar Asabar zan koma mu gwada mol ɗin bulo mai inci tara, don shi tsayinshi ya wuce 200 ɗin da munka auna, kuma ina so in ɗora wani ƙarfen can sama in gani da idona kafin a buga.